Tukunya Ɗaya, Baki Da Yawa: Rabon Tuwon Dare A Gidan Bahaushe

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa abincin wani gubar wani ne. Duk da haka, a gidan gandu, inda akan sami mutum ashirin ko fiye, tukunyar tuwo ɗaya ake ɗorawa da dare. Abin da za a duba a nan shi ne yadda mai girki take daidaita waɗannan abubuwa biyu, da kuma kalmomin da harshe ya tanada don rarrabe wanda ya cancanci a yi masa dabam da wanda bai cancanta ba.

A gidan da yake da mata fiye da ɗaya, girki yana bin kwana ne, galibi kwana bibbiyu. Maigida ya fitar da hatsi da kuɗin cefane, mai girki kuwa ta tuƙa, ta kwashe, ta raba. A wajen rabon nan ake gane gwanintarta, domin shi tuwon ba ya sakewa. Ko na dawa ne ko na masara, malmalar kowa daga tukunya guda ta fito. Bambancin yana wajen miya da abin da ake ɗorawa a kai. Mace mai dabara ba ta cika wa miyar kuka barkono, sai ta daka yaji ta ajiye gefe, mai so ya barbaɗa. Man shanu ma bayan an sauke ake zuba shi, a akushin maigida da na baƙo. Tsohuwar da haƙoranta suka zube a zaɓa mata tsoka mai laushi, marar lafiya a ɗibar masa talge tun kafin a zuba gari, yara kuma su samu ƙanzo. Watau ke nan girki ɗaya aka yi, amma kwano biyar aka fitar, kowanne da kamarsa.

To, amma ba kowane mai ƙin abinci ake saurara wa ba, kuma harshe ne yake yanke hukuncin. Alal misali, idan aka ce "wake bai karɓe shi ba", a lura cewa wake shi ne aikau a jimlar, mutumin kuwa karɓau ne. Laifin yana wuyan abincin, saboda haka wajibi ne a nema masa wani abu. Idan kuwa aka ce "ba ya cin wake", labari kurum aka bayar, ana iya yi masa alfarma, ana iya ƙyale shi. Da zarar an kira abin tsirfa, magana ta ƙare: ya ci abin da aka dafa ko ya kwana da yunwa. Haka nan kwaɗayi abin kunya ne ga babba, amma kwaɗayin mai ciki ba a zarginsa, har maƙwabta sukan aiko mata da abin da ta ji ƙanshinsa. A can dā akwai ƙin da ya fi waɗannan ƙarfi, shi ne na kan gida, watau dabbar da zuriya ba ta kashewa ba ta ci, kamar yadda Joseph Greenberg ya bayyana game da Maguzawan ƙasar Kano a littafinsa na 1946.

Mai jego ita ce wadda al'ada ta yarda a ɗora mata tukunya tata ta kanta har kwana arba'in: kunun kanwa, da nama mai yaji, da ƙauri. A nan ma dai ba duk gata ne alheri ba. Binciken da likitoci suka yi a Zariya cikin shekarun 1970 ya danganta yawan shan kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa.

Wannan tsari ya fara gamuwa da cikas ta fuska biyu. Tun daga shekarun 1990 yaran birni suka san Indomie, har uwa takan sauke tuwo ta sake ɗora tukunya don ɗa ɗaya. Wannan tsirfa ce aka ɗaure wa gindi, kuma a gidan kishiyoyi fitina ce, domin duk kwanon da ya bambanta da saura sai an tambayi ɗan wane ɗaki ne. Ɗaya fuskar ta fi tsanani. Mai ciwon suga da mai hawan jini ba su da ƙwaƙƙwaran gurbi a tsohon rabon, kuma sau da yawa akan ɗauki lalurarsu a matsayin zaɓe, tun da ba a ganin ciwon a jikinsu. Na farko yakan bukaci a rage masa malmala a ƙara masa ganye, a wasu gidaje har a tuƙa masa acha ko alkama. Na biyu kuwa gishiri ne abokin gabarsa, shi kuma gishiri, da kanwa, da magi, cikin tukunya ake saka su, ba a gefe ba kamar yaji. Matan da suka fahimci haka sun koma ga dabarar talge: sai su ɗebi miyar majinyacin a ƙaramar tukunya tun kafin su kai hannu ga gishiri, su ƙara mata daddawar da ba a sa wa gishiri ba, da albasa, don kada ta yi lami.