Malaman Hagwon a Koriya ta Kudu da Yanayin Aikinsu

A wannan takarda za mu duba wata kalma ta harshen Koriya, wato hagwon, da halin da malaman da ke aiki a irin wannan wuri suke ciki. Hagwon makaranta ce ta kuɗi wadda yara suke zuwa bayan an tashi daga makarantar boko, domin ƙarin darasi a lissafi, Turanci, kimiyya ko kiɗa. Ɗalibi ya lura cewa ba ta maye gurbin makarantar safe, ƙari ce a kanta. Unguwar Daechi-dong ta birnin Seul ita ce ta fi yin suna wajen yawansu.

A shekarar 1980 gwamnatin Chun Doo-hwan ta hana koyarwar kuɗi a wajen makaranta, amma Kotun Tsarin Mulki ta soke hanin a 2000. A 2024 iyaye sun kashe won tiriliyan 29.2 a kan karatun kuɗi na bayan makaranta, kuma a Seul sai da hukuma ta sa doka cewa a tashi darasi da ƙarfe 10 na dare.

To, ina waɗannan kuɗaɗe suke tafiya? Akwai ƴan tsirarun malamai da suka shahara suka yi arziki, amma ba su muke nufi ba. Hagwon kasuwanci ce, iyaye su ne masu ciniki, kuma wata-wata suke biya. Idan yaro ya bar aji, mai makaranta, wanda ake kira wonjang, yakan ɗora wa malami laifi. Saboda haka bayan koyarwa malami zai duba aikin gida, ya rubuta rahoto, ya buga wa iyaye waya yana lallashinsu. Sau da yawa ba a lissafa waɗannan sa'o'i cikin albashi.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne yadda ake kauce wa doka. Dokar Koriya ta ce duk ma'aikacin da ya cika shekara guda yana da haƙƙin kuɗin sallama, kimanin albashin kwana 30 a kan kowace shekara. Shi ya sa ake yawan jin koken malaman da aka kora a wata na 11. Wata dabarar kuma ita ce a rubuta malami a matsayin mai zaman kansa, a cire masa harajin kashi 3.3 cikin ɗari kawai. Da haka mai makaranta ya huta da biyan kasonsa na fansho da inshorar lafiya. Bugu da ƙari, wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 5 ba, sassan doka da suka shafi kora ba bisa ƙa'ida ba, da ƙarin kuɗin aikin dare, da hutun shekara, ba su hau kansa ba. Ƙananan hagwon da yawa a nan suke fakewa.

Baƙin malaman Turanci, waɗanda ke zuwa daga ƙasashe irin su Amurka, Ingila, Kanada da Afirka ta Kudu, nasu ya fi tsanani ta wata fuskar. Bizarsu, mai suna E-2, a ɗaure take da makarantar da ta ɗauke su, kuma galibi ita ce ke ba su masauki. Wanda yake son sauya wurin aiki kafin kwantaraginsa ya ƙare, yawanci sai ya sami takardar saki daga hannun mutumin da yake neman gudu daga gare shi. A ganina wannan ita ce babbar matsalar, domin wanda aikinsa da ɗakin kwanansa da izinin zamansa duk suke hannun mutum guda, da wuya ya buɗe baki ya nemi albashin da aka riƙe masa.

Duk da haka wasu sun kai ƙara. A 2015 Kotun Ƙoli ta Koriya ta yanke hukunci cewa wasu baƙin malamai da wani babban kamfanin hagwon ya rubuta a matsayin masu zaman kansu, cikakkun ma'aikata ne, kuma sun cancanci kuɗin sallama. Kotun ba ta tsaya kan sunan da aka ba kwantaragin ba, ta duba wane ne yake tsara lokacin aiki da abin da za a koyar.