Kafin ka miƙa ɗanka ga metir, tambayi wanda ya koya masa

Idan kaka ta yi, aka ɗaure dammunan gero aka kai rumbu, ganga takan tashi a garuruwan Agye, Gazawa da Gidan Rumji. Lokacin kokowa ke nan. Yaron da zai zama ɗan kokowa ba a ɗaki yake koyo ba. A dandali yake koyo, kan yashi, gaban idon kowa, hannun wani babba wanda gari duka ya san tarihinsa: wa ya kayar, wa ya kayar da shi, wane ne ubangidansa. Babu mai tambayar takarda, domin yashi ba ya rufa wa maƙaryaci asiri. Daga irin wannan dandali ne jihar Maradi ta fitar da Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, mutumin da ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasar Nijar a Tawa a 1975, wanda filin kokowar birnin Maradi ke ɗauke da sunansa a yau. Daga baya Umaru Bindigau ma ya kawo wa jihar takobi. Har gobe kuma hanyar ɗaya ce: jihohi takwas, kowace ta kai 'yan kokowa goma gasar ƙasa, kuma kafin mutum ya shiga cikin goman nan sai ya ratsa tankaɗe da rairaya tun daga ƙasa.

Abin da ya sauya shi ne, yanzu ba kokowa kaɗai samarinmu ke so ba. Akwai karate, akwai taekwondo, akwai judo, akwai damben zamani, ga kuma abin da ake gani a fina-finan Sin da bidiyon wayar salula. Tun da Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a wasannin Olamfik na Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu a 2017, yara da yawa suka fara mafarkin farar riga da baƙar ɗamara. Ba laifi ba ne. Kafin shi, lamba ɗaya tak ƙasar ta taɓa samu a Olamfik, wato tagullar da ɗan dambe Isaka Dabore ya ciyo a Munik a 1972, saboda haka dole abin ya burge. A ɓangaren Gidan Rumji kuma akwai wani dalili mai nauyi. Tun 2019 yankin ke karɓar 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, ana fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane a ƙauyukan bakin iyaka, don haka saurayi yakan ji yana son ya iya kare kansa.

To, inda buƙata ta yi yawa, nan 'yan damfara ke shimfiɗa tabarma. Wani zai dawo daga ci-rani da farar riga a jaka, ya ɗaura baƙar ɗamara, ya sami kangon gida ko bayan makaranta, ya ce a kira shi metir, wato malami. Jama'a, ɗamara ƙyalle ce. Ana sayar da ita, tela ma yana iya ɗinka ta kafin la'asar. Ba ita ce shaidar ilimi ba.

Tambayar farko da uba zai yi tana da sauƙi, kuma mun saba da ita. Idan baƙon malami ya sauka gari zai buɗe makarantar allo, dattawa sukan tambaye shi inda ya yi karatu da hannun wanda ya sauke. Haka za a yi wa metir. Wa ya koya maka? A wane kulob, a wane gari, shekara nawa? Wa ya ba ka wannan ɗamarar, yana raye, ana iya kiransa? Malamin gaskiya yana jin daɗin wannan tambaya, domin ambaton ubangidansa abin alfahari ne gare shi. Wanda ya ɓata rai, ko ya ce a wani dutse ya koya hannun wani Basine da ba a iya faɗin sunansa, ka riƙe ɗanka.

Kuma ana iya bincike. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wasanni yana da hukumarsa ta ƙasa a Yamai, kuma a Maradi akwai ofishin jiha mai kula da matasa da wasanni. Kulob na gaskiya sananne ne a can, 'yan wasansa suna da katin lasisi, kuma jarabawar sauya ɗamara ba a ɓoye ake yin ta ba. A taekwondo, babbar cibiyar da ke ba da shaidar baƙar ɗamara ita ce Kukkiwon da ke birnin Seul, wadda aka kafa a 1972. Takardarta tana da lamba, kuma yaron da bai kai shekara 15 ba ba a ba shi cikakkiyar baƙar ɗamara, sai ta yara mai rabi ja rabi baƙi. Saboda haka duk wanda ya yi maka alkawarin baƙar ɗamara ga ɗanka cikin wata shida, kuɗinka yake so. Abin na shekaru ne.

Sai dai kada a ɗauka takarda ce komai. Tsohon ɗan kokowar Cadawa ko Gangara ba shi da satifiket, amma yana iya fin mai takardu goma sanin yadda ake rainon yaro. Haka kuma ba kowane gwani ne malami ba. Akwai wanda ya iya kayar da kowa amma ba shi da haƙurin nuna wa yaro kamu ɗaya sau ashirin. Don haka bayan tambaya, sai ka tafi da ƙafarka ka zauna ka kalli horon, ba sau ɗaya ba, kuma ba ranar da aka san za ka zo ba.

Abu na farko da za ka duba: me ake koya wa sabon shiga? A judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a Tokiyo a 1882, kafin a koya wa ɗalibi kayar da wani sai an koya masa faɗuwa. Za ka ga yaro tsugune, ya manne haɓarsa da ƙirji, ya mirgina baya, ya bugi ƙasa da damtsensa a miƙe domin nauyin ya bazu, kansa bai taɓa ƙasa ba. Ya tashi ya sake. Ya sake. Kallon ba daɗi, yaron ma yakan gaji, amma wannan ne zai hana shi karya wuya ko dafa ƙasa da tafin hannu ya karye a gwiwar hannu. Tsofaffin 'yan kokowa ma sun san wannan, ko da ba su ba shi suna ba. Idan ka ga an sa yaron da ya zo jiya ya kara da wanda ya shekara biyu, wai don a cire masa tsoro, wannan ba horo ba ne.

Duba ƙasan wurin. Yashi ne mai laushi da aka share, ko siminti ne, ko fako mai tsakuwa da fasassun kwalabe? Duba yadda ake haɗa yara: malamin kirki yana haɗa tsara da tsara, nauyi da nauyi. Duba ko ana ɗumama jiki kafin a fara. Duba ko akwai tulu ko jarkar ruwa a gefe. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40, kuma malamin da ke hana yara shan ruwa da tsakar rana wai don su yi tauri yana iya kashe ɗan mutane. Ga yaro mai sikila ko asma abin ya fi haɗari, shi ya sa ya wajaba uba ya faɗi ciwon ɗansa tun ranar farko. In ma malamin ya san aikinsa, shi zai riga ka tambaya.

Akwai abubuwan da ke burge 'yan kallo waɗanda ni a ganina su ne alamar jahilci. A jera yara a kwance, ƙato ya bi ta kan cikinsu da gudu. A danne ƙafafun yaro da ƙarfi sai ya tsage ƙasa yana kuka. A sa shi naushin bango har 'yan yatsu su kumbura. Ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba, yana da wurare masu taushi kusa da gaɓoɓi inda tsawo ke fitowa, kuma rauni a nan yana iya barin hannu a karkace har tsufa. Mun taso da jin cewa sai da wuya ake zama namiji, shi ya sa iyaye da yawa kan ga irin wannan su yi shiru, har su yaba. Horo yana da wahala, gaskiya ne, gumi da gajiya dole ne. Amma bulala da zagi da wulaƙanci ba sa cikin darasin kowane wasa.

Batun bugun kai ya cancanci a dakata a kansa, domin nan ne ake asarar rai. Alfaga da kansa mahaifinsa ya taɓa hana shi taekwondo bayan wani ɗan uwansa ya rasu sanadin raunin da ya samu a wasan, sai da ya je Togo ya ci gaba. Tsoron uban ba na banza ba ne. Idan yaro ya sha bugu a kai, ko a dambe ko a faɗuwa, ya suma ko da na ɗan lokaci, ko ya tashi yana tangaɗi, ko ya kasa tuna abin da ya faru, wasansa na ranar ya ƙare. Ba a yayyafa masa ruwa a ce ya koma fili. Jini yana iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali, mutum ya tashi garau yana dariya, bayan 'yan sa'o'i ya faɗi. Idan aka ga amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barcin da ake shan wuyar tashinsa, ko farfaɗiya, ko jini da ruwa daga kunne ko hanci, a nufi likita nan take, kada a jira gari ya waye. Wanda kuma ya faɗi kan wuyansa yana cewa ba ya jin hannu ko ƙafa, kada a ciccibe shi a aza kan babur. A riƙe kansa da wuyansa a miƙe, a ɗauke shi kan abu mai faɗi mai ƙarfi. Ka tambayi metir tun farko: in haka ta faru, me za ka yi? Amsarsa za ta gaya maka ko wane ne shi.

Karaya ma haka. Da yawa maɗori ake fara kai wa. Ba na raina sana'ar, amma ɗauri mai tsanani kan hannun da ke kumbura yana toshe jini, kuma an sha yanke wa yara hannu a asibitoci saboda haka. In 'yan yatsu suka yi sanyi, suka sauya launi, ko ciwon ya ƙi lafawa, a kwance a tafi asibiti.

Sai ƙwaya. Kowa ya san yadda taramol ta shiga gonaki da tashoshi da fadojin samari. Tana kashe jin zafi, shi ya sa mai rauni ke ci gaba da wasa har raunin ya zama naƙasa, tana kama mutum ya kasa bari, kuma in ta yi yawa tana jefa shi farfaɗiya. Hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta ta lokacin gasa tun daga Janairun 2024. Malamin da ya miƙa wa ɗanka ƙwaya, ko wani jiƙo da ba a san abin da ke ciki ba, da sunan ƙarin ƙarfi, ranar ce ta ƙarshe da ya kamata ya ga yaron.

Layu da guraye da kambuna kuwa tsohon ado ne na filin kokowa, kowa da abin da ya yarda da shi, ba zan shiga wannan gardama ba. Inda zan ɗaga murya shi ne wajen mai haɗa horo da sayar da maganin bindiga. Samarin Gidan Sori, Tsibiri, Cadakori da Saye Sabuwa su ji da kyau: babu karate, babu taekwondo, babu laya da ke tare harsashi. Abin da ake gani a fim, mutum ɗaya ya ƙwace bindigogin mutum goma, shiri ne na kyamara. Malamin ƙwarai yakan gaya wa ɗalibansa cewa gaban mai makami, tsira da rai ita ce nasara. Wanda ke cusa wa yara cewa sun gagari ƙarfe, kabari yake haƙa musu. A lura kuma da halin yaro bayan 'yan watanni. In ya ƙara natsuwa da ladabi, alama ce mai kyau. In ya koma neman faɗa a rijiya da kasuwa yana gwada sabon shuri kan ƙannensa, a binciki abin da ake faɗa masa a can.

'Yan mata ma suna shiga waɗannan wasanni, har Tekiyat Ben Yusuf ta wakilci Nijar a taekwondo a Olamfik na Tokiyo. Sharaɗin dai ɗaya ne ga mace da namiji: horo a fili, ƙofa a buɗe, uwa ko uba ko yaya suna iya shigowa kowane lokaci. Babu darasi na musamman da dare a ɗakin metir, babu sirrin da aka ce kada a faɗa a gida. In yaro ya fara ƙin zuwa ba tare da dalili ba, a zaunar da shi a tambaye shi cikin lalama, kada a kora shi da tsawa.

Game da kuɗi, a san na wata nawa ne tun farko, a nemi rasit. A yi hattara da mai ƙirƙiro jarabawar ɗamara duk bayan 'yan makonni, kowace da kuɗinta, da kuma mai cewa a sayar da akuya ko a jinginar da gona zai kai yaro gasa Faransa ko Jamus. Ɗan wasan da zai fita da sunan ƙasa ta hannun hukumar wasansa yake bi, bayan ya yi fice a gasar jiha da ta ƙasa.

Wani zai ce, to mu da muke ƙauye, ina za mu sami irin wannan malami? Gaskiya ƙwararru sun fi yawa a Maradi da Yamai. Amma rashin malami ya fi mugun malami sauƙi, domin yaron da ya ci gaba da kokowar dandali, da gudu, da aikin gona, yana gina ƙarfi da daidaiton tsayuwa da za su amfane shi duk ranar da ya sami judo ko taekwondo na gaskiya. Kafin nan, iyayen unguwa suna iya haɗa kai su je wurin malamin motsa jiki na kwalejin garinsu, ko ofishin magajin gari, su nemi a haɗa su da ofishin wasanni na jiha domin a turo musu mai horo da aka sani, ko da sau ɗaya ne a mako, ranar da ba ta kasuwa ba.