2.3 Bambanci Tsakanin Daudu da Karkatar Sha'awa

A wannan sashe za a rarrabe abubuwa biyu waɗanda jama'a kan cakuɗa. Na farko shi ne jinsin da mutum ya ɗauki kansa, da yadda yake nuna shi a magana da sutura da sana'a. Na biyu kuwa shi ne karkatar sha'awa, wato jinsin da zuciyarsa take so.

Ɗan daudu namiji ne mai kwaikwayon mata wajen karya murya da rangwaɗa da habaici, kuma galibi sayar da abinci ce sana'arsa. Gaudio (2009), a nazarinsa na Kano, ya nuna cewa maza masu neman maza kan kira junansu "masu harka", kuma ba dukkansu ne ke daudu ba. Haka nan, 'yan daudu da dama suna da mata da 'ya'ya.

Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin dokar Nijeriya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi. Idan aka cakuɗa su, sai a tuhumi mutum saboda siffarsa, ba aikinsa ba.