Karen da Ya Ci Gasa Sau Ɗaya, Aka Ɓoye Shi

A wajenmu, in an ce kare, abin da yakan zo wa mutum a rai shi ne farauta ko gadin gida. Amma a ƙasashen Turawa akwai wata al'ada dabam. Sukan tara karnuka a babban zaure, a yi musu wanka, a taje musu gashi, sa'an nan alƙali ya bi su ɗaya ɗaya yana dubawa, ya zaɓi wanda ya fi kyan ƙira. Yau za mu ba ku labarin wani ɗan kwikwiyo da ya shiga irin wannan gasa, ya yi abin da har yanzu ba a sāke yi ba.

Sunansa Laund Loyalty, kuma shi irin karnukan nan ne da ake kira koli. Asalinsu daga tuddan Sikotlan ne da arewacin Ingila, inda makiyaya suke kiwon tumaki da su. Koli yana da dogon baki, da gashi mai kauri ninki biyu saboda sanyi, da kunnuwa waɗanda bakinsu yakan ɗan lanƙwaso gaba. Dā karen talaka ne, ba wanda ya kula da kyansa. Sai Sarauniya Biktoriya ta gan su a Sikotlan, ta ƙaunace su, ta ajiye waɗansu a gidanta. To, kun san abin da sarauta ta taɓa. Nan da nan attajirai suka shiga nemansu, har Amurkawa suka riƙa aikowa da kuɗi masu yawa Ingila domin a sayo musu na ƙwarai.

Ta haka Laund Loyalty ya ƙetare teku. An haife shi a Ingila a 1928, wata mace mai kiwon karnuka, Florence Ilch, ta saye shi ta kai shi gidan kiwonta mai suna Bellhaven, a garin Red Bank ta jihar New Jersey.

Gasar da ta fi kowace suna a Amurka ita ce ta Westminster, wadda aka fara a birnin New York tun 1877. Ga yadda ake yi: da fari kare yakan kara da 'yan'uwansa iri ɗaya. In ya ci, sai ya kara da zakarun sauran irin da ke cikin rukuninsa. Daga nan zakarun rukuni su fito fili, a zaɓi ɗaya tak. Alƙali yakan buɗe bakin kare ya duba haƙora, ya shafa ƙashin baya, ya sa a zagaya da shi domin ya ga tafiyarsa. Ba ƙarfi ake gwadawa ba, ba kuwa gudu ba, sai dai yadda ƙirar kare ta dace da abin da aka rubuta game da irinsa.

A watan Fabrairu 1929 aka shigar da Laund Loyalty, yana da wata 9 kawai a duniya. Ya tarar da manyan karnuka waɗanda suka yi shekaru suna cin lambobi. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya wuce su duka, aka ba shi lambar zakaran gasa. Har wa yau shi ne mafi ƙanƙantar shekaru da ya taɓa cin wannan lamba, kuma ba wani koli da ya sāke cinta bayansa.

Kowa ya zaci yanzu ne zai fara yawon gasa. Ina! Daga ranan nan ba a ƙara ganinsa a fili ba. Uwargijiyarsa ta ce an yi ta aiko mata da barazana cewa za a hallaka shi, saboda haka ta gwammace ta ajiye shi a gida da ransa, da ta ƙara lamba ta rasa shi. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce, amma a nan kam ta rufe wa mai rabo ƙofa. Gasa ɗaya ita ce farkon aikinsa, ita ce kuma ƙarshe.

Abin mamaki, karen da ya sa duniya ta san koli ba zakaran gasa ba ne. A 1940 aka haifi wani mai suna Pal a Kalifoniya. Masana suka dube shi suka ce bai isa gasa ba, gama idanunsa sun cika girma, ga kuma farin zane a goshi. Aka sayar da shi kamar kowane karen gida. Daga baya ya faɗa hannun wani mai horar da karnuka, Rudd Weatherwax, wanda ya gane basirarsa. A 1943 Pal ya fito a majigi da sunan Lassie, ko da yake shi namiji ne, sunan kuwa na mace. Ya mutu a 1958, amma 'ya'yansa da jikokinsa suka ci gaba da ɗaukar sunan a talabijin. Farin zanen nan da aka raina shi ne ya zama alamar da yara suke gane Lassie da ita.

Ga karnuka biyu ke nan, iri ɗaya. Alƙalai sun ɗaga ɗaya, tsoron mahassada ya sa aka ɓoye shi. Sun ƙi ɗayan, ya shiga gidajen mutane ko'ina a duniya. Iyaye da malamai, in yaro ya kawo takardar sakamako a ƙarshen shekara, ko ya zo na ɗaya ko na ƙarshe, mu tuna da Laund Loyalty da Pal kafin mu yanke masa hukunci.