Man gashi tsakanin damina da hunturu: abin da ma'aikaciya a Doma za ta duba kafin ta biya kuɗi

Duk ma'aikaciyar da aka yi wa canjin wurin aiki daga Abuja zuwa Doma, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Gwamnatin Tarayya da ke garin aka tura ta, ko kuwa tana kwana a Doma tana sammako zuwa Jami'ar Tarayya ta Lafiya, ba za ta shekara ba sai gashinta ya shaida mata cewa yanayi ya sauya. Ƙaramar Hukumar Doma ta miƙa kudu har gaɓar Kogin Binuwai. Daga Afrilu zuwa Oktoba iska cike take da laima, gashin da aka gyara da safe kafin azahar ya kumbura ya yi buzu-buzu. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ya zo da ƙura da bushewa, gashin ya yi kaushi, yana karyewa a bakin mataji.

Abin da aka saba yi shi ne a shiga kantin kayan kwalliya a Lafiya, ko a aika a sayo daga Kasuwar Wuse, a ɗauko kwalbar da hotonta ya fi ɗaukar ido. Wanda ake yayi yanzu shi ne man da ake shafawa bayan wanke kai a bar shi ba a ɗauraye ba, wanda a jikin kwalba ake rubuta masa Leave-in. A lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, kamar yadda aka sa wa doka hannu a Yulin 2024, sayen kwalba uku kafin a dace da ɗaya hasara ce da ake ji a jika. Hanyar kauce mata ita ce a juya kwalbar a karanta bayanta, domin gabanta talla ce kawai.

Abin da mai ba zai iya yi ba

Silin gashi, da zarar ya fito daga fatar kai, ba shi da rai. Bayansa lulluɓe yake da wasu ƙananan ɓawo da suka hau kan juna kamar ɓawon kifi. Idan suna kwance, gashi yakan yi santsi da sheƙi, ya riƙe danshinsa. Idan suka ɗaga ko suka gutsure, ruwa yakan shiga ya fita yadda ya ga dama: da damina silin ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ƙayau. Wannan shi ne asalin buzu-buzun da ake kuka da shi. Gashinmu na Afirka kuma nannaɗe yake, saboda haka maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya saurin gangarawa zuwa ƙarshen sili, kuma kowace lanƙwasa wuri ne da zai iya karyewa.

Tunda ba shi da rai, ba ya warkewa kamar yadda rauni ke warkewa. Duk kwalbar da ta yi alƙawarin haɗe bakin gashin da ya tsage, ta faɗi abin da ya fi ƙarfinta. Maganin wannan almakashi ne. Aikin mai nagari shi ne ya kwantar da ɓawon, ya rage gogayya, ya tsare danshi, har sabon gashi ya fito ya maye gurbin wanda ya lalace. Gashi kuwa bai cika wuce santimita ɗaya a wata ba, don haka lamarin na watanni ne.

Yadda ake karanta bayan kwalba

Ƙa'idar masana'antun kayan shafe-shafe ita ce a jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Sunaye biyar na farko su ne ainihin abin da aka saya. Idan an zana ƙwallon kaɗanya ƙato a gaba, amma sunansa na kimiyya, Butyrospermum Parkii, ya zo can ƙasa bayan turare, to ɗigo kawai aka sa.

Na farko a jerin ya kamata ya zama ruwa, wanda ake rubutawa Aqua ko Water. Busasshen gashi ruwa yake nema. Man da ya fara da Petrolatum ko Mineral Oil, wato dangin basilin, ba ya ƙara danshi. Rufe wanda ya tarar kawai yake yi. Yana da amfani a kan jiƙaƙƙen gashi, amma a kan busasshe sai dai ya tara ƙura.

Bayan ruwa, a nemi masu laushi. Kalmar Alcohol tana firgita mutane da yawa, alhali iri biyu ce. Cetyl Alcohol da Cetearyl Alcohol da Stearyl Alcohol dangin kitse ne, su ne ke sa mai ya yi kauri, gashi ya yi taushi. Wanda ke busar da gashi shi ne Alcohol Denat ko Isopropyl Alcohol, musamman idan ya zo a sahun gaba. Haka nan Behentrimonium, sunan da ke da wuyar faɗa, shi ne ke manne wa wuraren da suka lalace a jikin sili, ya sa mataji ya wuce ba tare da fizga ba.

Idan rilaksa ko rini ko ƙarfen miƙar da gashi ne suka yi ɓarnar, sai a duba ko akwai furotin, wanda ake rubutawa da kalmar Hydrolyzed a gabansa, kamar na keratin ko na alkama. Yana cike gurbin da ya gutsure na ɗan lokaci. Idan ya yi yawa kuma gashi yakan sandare kamar tsintsiya, alamar a rage ke nan.

Silikon, irin su Dimethicone da Amodimethicone, yana yi wa sili riga mai santsi da ke hana laima kutsawa. Aibinsa shi ne taruwa, don haka mai amfani da shi ba ta da zaɓi sai wanke kai da shamfu a kai a kai.

Kwalba ɗaya ba ta ɗaukar shekara

A nan ne yanayin Doma ya shigo. Gilisarin, wanda ake rubutawa Glycerin, yana cikin yawancin waɗannan mayuka, kuma aikinsa janyo ruwa. Idan iska tana da danshi daidai gwargwado, alheri ne. A tsakiyar damina, lokacin da laima ta yi yawa, man da gilisarin ya zo na biyu ko na uku a cikinsa yakan ƙara wa gashi kumburi. A lokacin mai marar nauyi, mai ɗan silikon, ya fi dacewa. Da hunturu kuwa babu ruwan da zai janyo daga iska, don haka sai an haɗa shi da abin da zai rufe danshin: mai mai kauri, sannan a bi da man kaɗanya a bakin gashi.

Saboda haka ƙananan kwalabe biyu, ɗaya ta damina ɗaya ta rani, sun fi babbar kwalba guda da za a yi ta fama da ita. Maza masu tara suma ko gemu ma wannan lissafin ya shafe su.

Da tsohuwar zuma ake magani

Abin lura shi ne, mayukan da kamfanonin Turai da Amurka ke tinƙaho da su a tallarsu, wasunsu a ƙasarmu suke. Nasarawa na cikin jihohin da suka yi fice a noman riɗi, Doma kuma na sahun gaba a jihar. Itacen kaɗanya ya bazu a dazuzzukan tsakiyar Najeriya, musamman Neja da Kwara. A watan Agustan 2025, lokacin da Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar da dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida, gwamnati ta ce Najeriya ke samar da kusan kashi 40 cikin ɗari na kaɗanyar duniya, amma rabonta a kasuwar bai kai kashi ɗaya ba. Ma'ana, muna sayar da ƙwallo da araha, mu sayo shi a kwalba da tsada.

Kimiyya ma ta ba wasu daga cikin mayukan gargajiya gaskiya. A 2003 masana biyu a Indiya, Rele da Mohile, sun gwada man kwakwa da man fure mai bin rana da mai dangin basilin, suka gano man kwakwa ne kaɗai ya rage zubewar furotin daga gashi, saboda irin kitsen da ke cikinsa yana iya ratsa sili. Man alayyadi, wanda ake samu daga ƙwallon kwakwar manja, yana ɗauke da wannan kitsen da yawa. Garin cebe da matan Chadi suka shahara da shi ma, sirrinsa shi ne lulluɓe gashi da maiƙo don kada ya karye, tsawon da ya samu ya tsaya.

Sai dai a san iyakarsu. Man kaɗanya da na riɗi da alayyadi babu ruwa a cikinsu, don haka marufi ne. Wurinsu shi ne bayan an jiƙa gashi an shafa mai mai ruwa. Wajen sayen man kaɗanya kuma, nagari yakan narke a tafin hannu ba tare da tsakuwa-tsakuwa ba, yana da ɗan ƙamshin hayaƙi, launinsa tsakanin fari da ruwan ƙwai. Wanda ya yi ɗoyi ya tsufa.

Hattara da cinikin biri a sama

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a kasuwar man gashi tsada ma ba shaida ba ce. Shaidar farko ita ce lambar rajistar hukumar NAFDAC, tare da ranar da aka yi man, ranar lalacewarsa, da adireshin kamfanin. Man da aka ɗura a robar da ba ta da rubutu, aka ce haɗi ne na musamman, ba wanda ya san abin da ke ciki. Duk man da ke da ruwa kuma ba a sa masa sinadarin hana ruɓewa ba, cikin zafin Maris zai iya zama gidan ƙwayoyin cuta. Kafin a shafa sabon mai a kai duka, a ɗan goga a bayan kunne a jira kwana biyu. Idan ya yi ja ko ƙaiƙayi, a haƙura da shi.

Yadda ake shafawa ma yana da tasiri. A raba gashi kashi huɗu yana da ɗan danshi, a ɗebi kamar ƙwayar gyaɗa ga kowane kashi, a fara daga baki a hauro sama, domin bakin ne ya fi tsufa ya fi wahala. Kada a dinga cusa shi a fatar kai, saboda ƙwayar da ke haddasa amosani da maiƙo take rayuwa. Mai ɗaura ɗankwali ko hijabi ta bari kan ya sha iska tukuna, kuma hular siliki a ƙarƙashi ta fi auduga, wadda ke tsotse danshi.

Inda kwalba ta tsaya

Babu man da zai yi nasara matuƙar abin da ke ɓata gashin yana nan. Rilaksa tana aiki ne ta hanyar karya igiyoyin da ke riƙe da ƙirar sili, kuma maimaita ta a kan gashin da aka riga aka miƙar shi ke kawo karyewa. Akwai kuma batun lafiya. A Oktoban 2022 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar mata 33,497 na kusan shekara 11. An ƙiyasta cewa cikin waɗanda ba su taɓa amfani da sinadaran miƙar da gashi ba, kashi 1.64 cikin ɗari za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70, amma cikin masu amfani da su fiye da sau huɗu a shekara adadin ya kai kashi 4.05. Binciken alaƙa ya nuna, bai kama sunan wani kamfani ba, amma ya isa dalilin tsawaita tazara tsakanin rilaksa da rilaksa.

Haka ma kitso mai tsauri, musamman wanda aka ƙara wa gashin kanti mai nauyi. Yana cinye gashin goshi sannu a hankali, idan aka daɗe kuma saiwar ta mutu, ba ta sake tsirowa. Kitson da ya hana barci a daren farko ya yi tsauri, kuma gaya wa makitsiya ta sassauta hannu ba rashin kunya ba ne.

Zubewar gashin da ke zuwa wata uku bayan haihuwa yawanci takan tsaya da kanta. Amma idan gashi yana zuba a dunƙule, ko wani wuri ya yi sanƙo, ko fatar kai tana ƙuraje da ruwa, ko makero ya bayyana a kan yaro, wannan ya wuce aikin kanti. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo duk suna iya bayyana ta gashi. Daga Doma zuwa asibitocin Lafiya tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, kuma kuɗin motar bai kai na kwalba ta huɗu ba.