Shirin Musamman: FC Seoul da Birnin da Aka Bari a Baya

Yau Koriya ta Kudu muka nufa, ƙasar da yawancinmu muka fi saninta da wayar Samsung da firjin LG da motar Hyundai, sai kuma Son Heung-min a wajen masu bin ƙwallon Turai. Tarihin ƙungiyar FC Seoul za mu ɗauko, mai kofin lig shida, wadda ta fi kowace ƙungiya a ƙasar tara 'yan kallo. Sai dai tarihinta ba ya faɗuwa sai an sako wani birni mai suna Anyang, kusan kilomita 20 kudu da Seoul. Bari in faɗi matsayina tun yanzu, don kada ku yi ta lalube. Kamfani na iya mallakar takardun kulob, ya biya albashi, ya ajiye kofuna a ofishinsa. Amma ranar da ya ce wa mutanen wani gari ku zo ga ƙungiyarku, suka kuma amsa, to ya ɗauki alkawari, kuma a ganina alkawarin nan aka saɓa wa mutanen Anyang a 2004.

Mu ɗan yi sauri da shimfiɗa. An fara gasar ƙwararru a Koriya a 1983, zamanin mulkin Janar Chun Doo-hwan, da ƙungiyoyi biyar: Hallelujah ta masu wa'azin Kirista, Yukong ta kamfanin mai, POSCO ta masu narka ƙarfe, Daewoo, da Bankin Kookmin. Ku lura, babu sunan gari ko ɗaya a cikinsu. A shekarun farko ma babu wasan gida da na waje, yawo ake yi da gasar daga wannan birni zuwa wancan. A Disambar 1983 kamfanin Lucky-Goldstar, wanda daga baya ya koma LG, ya kafa tasa ƙungiyar da tambarin bijimi, aka ce yankin Chungcheong ne gidanta. Goldstar ɗin nan, ku da kuke riƙe da rediyo yanzu, shi ne ya ƙera akwatin rediyo na farko a Koriya a 1959.

A nan akwai wani mutum da nake so mu ɗan tsaya a kansa, domin labarinsa ya ja hankalina ƙwarai. Sunansa Piyapong Pue-on, ɗan ƙasar Tailan, wanda ya zo daga ƙungiyar rundunar sojan saman ƙasarsa a 1984. A wancan zamanin Koriya na ganin kanta gaba da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya nesa ba kusa ba a harkar tamaula, ba a ma zaton za a ɗauko ɗan wasan gaba daga can. Sai ga shi a kakar 1985 Piyapong ya fi kowa zura ƙwallo a raga, guda 12, kuma shi ne ya fi kowa bayar da ƙwallo a ci, lambobin yabo biyu a hannun mutum ɗaya, kuma Lucky-Goldstar ta ɗauki kofinta na farko. Har yau Koriyawa na ambaton sunansa duk lokacin da wani ɗan wasa ya zo daga wancan yankin. To amma ku tambayi kanku, wane gari ne ya fito kan titi yana murna da wannan kofi? Bijimin nan na kamfani ne, kofin ma na kamfani ne, kuma a lokacin ba wanda ya ga aibin haka, tunda ba a yi wa kowane gari alkawarin komai ba.

A 1990 ƙungiyar ta koma Seoul, ta sake cin lig a shekarar, a 1991 ta zama LG Cheetahs, tana raba filin Dongdaemun da Ilhwa da Yukong. Sai 1996 ta zo da hukuncin da ya haifar da duk wannan rigima. Koriya na neman ɗaukar nauyin Gasar Kofin Duniya ta 2002, hukumomi kuma na son ƙwallo ta bazu zuwa sauran birane, sai aka ce ƙungiyoyin Seoul uku su tattara su fita, wadda ke son dawowa ta gina filin ƙwallo nata a birnin. Ilhwa ta tafi Cheonan, Yukong ta ɗauki sunan Bucheon, LG ta sauka Anyang. Daga wannan shekara aka wajabta wa kowace ƙungiya ta sa sunan garinta a gaba. Ku riƙe wannan da kyau. Sunan ya zama Anyang LG Cheetahs, Anyang a gaba, LG a baya.

Mutanen Anyang kuwa suka ɗauki maganar da gaske, fiye da yadda masu kamfanin suka zata. Matasa suka kafa ƙungiyar magoya baya mai suna RED, suka yi suna a faɗin ƙasar da ganguna da waƙe-waƙe da sandunan wutar nan masu fitar da jan hayaƙi. Ƙungiyar ta ci Kofin FA a 1998, ta ci lig a 2000 ƙarƙashin koci Cho Kwang-rae, Choi Yong-soo ya zama gwarzon shekara, Lee Young-pyo wanda daga baya ya taka leda a PSV da Tottenham yana tashensa. Hamayya mai zafi ta ƙullu tsakaninsu da maƙwabtansu Suwon Samsung, har aka laƙaba wa karawar sunan Jijidae, wani hawa da ke kan hanyar da ta haɗa biranen biyu. In kuna son gane zurfin abin, ga misali. Seo Jung-won, tauraron LG, ya tafi Strasbourg ta Faransa, da zai dawo gida a 1999 sai ya sa hannu wa Suwon. Magoya bayan Anyang suka banka wa rigarsa wuta. Ba na yabon ƙona rigar kowa, amma mutum ba ya jin an ci amanarsa a kan abin da bai ɗauka nasa ba. A Afrilun 2002 waɗannan maƙwabta biyu suka haɗu a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Asiya, can a filin Azadi na Tehran, aka tashi ba ci, Suwon ta ɗauka a bugun fenareti. Wannan takaici ma na mutanen Anyang ne, su suka kwana da shi.

Bayan kusan wata biyu aka buɗe Gasar Kofin Duniya a sabon filin Sangam da ke Seoul. Kun san filin ko da ba ku san sunansa ba, domin a nan ne ranar 31 ga Mayu Papa Bouba Diop ya zura wa Faransa ƙwallon da ta girgiza duniya, Senegal ta doke mai riƙe da kofi da ci ɗaya mai ban haushi. Da gasa ta watse, sai ga fili mai cin mutum sama da 60,000 a tsakiyar birni mai mutum kusan miliyan 10, ba ƙungiyar da ke wasa a ciki. An yi ƙoƙarin kafa sabuwa, abin ya ci tura, musamman saboda kason kuɗin ginin filin da ake nema daga duk wanda zai shiga. Sai aka buɗe ƙofa ga tsoffin ƙungiyoyi. Busan ta nuna sha'awa, LG ta nuna, LG ta samu. A farkon 2004, ana dab da fara kaka, Anyang LG Cheetahs ta zama FC Seoul. Magoya baya suka yi zanga-zanga, ba ta hana komai ba.

Yanzu mu saurari ɗaya ɓangaren, don suna da hujja, kuma hujjar ba ta wasa ba ce. Mutanen FC Seoul na cewa su ba ƙaura suka yi ba, gida suka koma, tunda korarsu aka yi daga Seoul a 1996 ba da son ransu ba. Gaskiya ne an kore su, kuma wancan hukunci zalunci ne ga duk wanda ke zuwa kallonsu a Dongdaemun. Amma mu ƙirga. Kaka shida ƙungiyar ta yi a Seoul, daga 1990 zuwa 1995. Kaka takwas ta yi a Anyang, daga 1996 zuwa 2003. In kuma asali ake bi, ai Chungcheong ce gidan farko, ba wanda ya ce a koma can. Sannan wa ya kore su daga Seoul? Hukuma ce. Wa ya biya bashin? Ɗan makarantar Anyang da ya tara kuɗin tikiti, wanda ba shi da hannu ko kaɗan a hukuncin 1996. Ko da a ce riƙo aka ba Anyang, ai ko ɗan riƙo ne ba a zuwa bayan shekara takwas a ɗauke shi ba tare da an zauna da waɗanda suka raine shi ba, balle ma ba a taɓa ce musu riƙo ba ne, sunansu aka rubuta a gaba.

Wasu kuma na cewa, to ai Anyang da Seoul duk tafiyar jirgin ƙasa ce ta ƙasa da awa guda, mai son ƙungiya ya bi ta mana. Kuma ga sakamako ya nuna: Park Chu-young ya cika filaye a 2005, Ki Sung-yueng da Lee Chung-yong sun fito daga nan, an ci lig a 2010 da 2012 da 2016, an kai wasan ƙarshe na Zakarun Asiya a 2013, kuma ranar 5 ga Mayun 2010 mutum 60,747 suka shiga kallon wasansu da Seongnam, adadin da har yau ba a karya ba a gasar. Duk wannan haka yake, kuma ƙwallon Koriya ta amfana. Sai dai abin da alƙaluman suka tabbatar shi ne Seoul na ƙishirwar ƙungiya, ba su tabbatar da cewa dole sai an tumɓuke ta wani gari ba. Shekara goma bayan tafiyar LG daga Anyang, kamfanin E-Land ya kafa sabuwar ƙungiya fil a Seoul, ba a ƙwace ta kowa ba. Batun kusanci kuwa, da nisan hanya ne damuwar, da tikitin jirgi ya warware ta. Abin da aka cire shi ne sunan garin daga rigar. Haka aka sake yi wa Bucheon a 2006, lokacin da kamfanin SK ya kwashi ƙungiyarsa zuwa tsibirin Jeju, wato abin ya fara zama al'ada.

Babbar shaidata ita ce abin da 'yan RED suka yi bayan haka. Da abin nishaɗi ne kawai, da sun watse, ko su koma bin wata ƙungiyar. Shekara tara suka yi ba su da ƙungiya, suna neman sa hannun jama'a, suna matsa wa 'yan siyasar gari, har majalisar birni ta amince a 2012, aka kafa FC Anyang a Fabrairun 2013, mallakar birni, da riga launin shunayya don tuna inabin da aka san garin da nomansa. Su kuwa magoya bayan ba su sauya sunansu ba, RED ɗin dai. Ranar 19 ga Afrilun 2017 ƙuri'ar Kofin FA ta haɗa su da FC Seoul a Sangam. Ku ɗan hango shi: dare ne, 'yan wasa na shigowa, sai ɓangaren baƙi gaba ɗaya ya kama da jan wuta, sanduna sama da 100 a lokaci guda, hayaƙi ya turnuƙe bayan raga. Sun san doka ta hana, sun san tara za ta biyo baya, kuma ta biyo. An ci su biyu da nema, amma hoton wannan wuta ne ya zaga ƙasar.

Dole in faɗi inda hujjata ke da rauni. Ƙungiyar birni da kuɗin haraji take rayuwa, magajin gari ne shugabanta, kuma duk wanda ya san yadda ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi ke fama a Najeriya idan aka sauya gwamna ko albashi ya maƙale ya san haɗarin da ke ciki. Ita kanta FC Anyang, da yawa daga cikin 'yan wasanta na farko da kocinta daga ƙungiyar Bankin Kookmin ta Goyang suka zo, wadda aka rushe a lokacin, kuma abokan hamayya na yi musu gori da haka. Gorin yana da tushe. Amma ƙungiyar birni, duk talaucinta, ba mai iya wayar gari ya ɗauke ta zuwa inda kasuwa ta fi. Haka kuma magoya bayan Seoul na yau ba su da laifi. Wanda aka haifa a 2004 ya haura shekara ashirin yanzu, bai san wata ƙungiya ba sai wannan, kuma hujjar da na kare Anyang da ita, ita ce za ta kare shi in wani ya zo ɗauke masa tasa. Abin da nake ganin ya rage shi ne kofin 2000, wanda FC Seoul ke lissafawa cikin shidanta. A Ingila, MK Dons, ƙungiyar da ita ma aka ɗauke daga garinta na Wimbledon, ta mayar wa ƙaramar hukumar Merton, inda Wimbledon take, kofunan tsohuwar ƙungiyar a 2007. A Koriya ba a yi makamancin haka ba, kuma ya kamata a yi.

Lokaci na neman ƙure mana, bari in taƙaita. A 2024 Jesse Lingard, tsohon ɗan Manchester United, ya zo Seoul, 'yan kallon gida suka haura 500,000 a kaka guda. A shekarar ce kuma FC Anyang ta lashe gasar rukuni na biyu ta hau sama. Kafin a fara kakar 2025, a gaban 'yan jarida, kocin Anyang Ryu Byeong-hoon ya kira abin da ya faru a 2004 ƙaura, kocin Seoul Kim Gi-dong ya ce a'a, komawa gida ce. Ranar 22 ga Fabrairu suka haɗu karo na farko a lig, gaban mutum sama da 40,000, Seoul ta ci biyu da ɗaya, Lingard na cikin waɗanda suka zura. A watan Mayu aka yi kunnen doki ɗaya da ɗaya a Anyang. A ƙarshen Agusta Anyang ta je Sangam ta ci biyu da ɗaya, nasararta ta farko a kan FC Seoul.