Zuba Wa Karnuka Guba Ba Ya Maganin Ciwon Haukan Kare

Da zarar an yi shelar mahaukacin kare ya shigo gari, matasa kan fito da gorori da duwatsu su bi shi har sai ya faɗi. Daga baya wani ya barbaɗa guba a nama ya jefar a juji domin sauran karnukan. Garuruwan kan iyaka irin Babban Mutum, a ƙaramar hukumar Ɓaure ta masarautar Daura, inda karnukan mafarauta da na makiyaya ke kai da komo tsakanin Najeriya da Nijar, su suka fi bukatar sanin illar wannan ɗabi'a.

Tsoron yana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, kamar tsoron ruwa da dalalar miyau, sai dai a yi ta addu'a.

Yadda ake kashe karnuka ya daɗe yana jawo gardama a duniya. A Amurka, gidajen ajiye dabbobi sun sha suka kan amfani da ɗakin iskar gas, har jihohi da dama suka hana. A Turkiyya, dokar karnukan titi ta 2024 ta haddasa zanga-zanga. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta ƙi amincewa da gubar da ke sa kare ya yi ta shure-shure kafin ransa ya fita. Abin da likitocin dabbobi suka yarda da shi shi ne allurar da ke sa dabba barci ta mutu ba ta ji ba. Addininmu ma ya yi umurni da kyautatawa ko da wajen yanka ne.

Ban da zalunci, guba ba ta biyan bukata. Da ciwon ya ɓarke a tsibirin Bali na Indonesiya a 2008, an yi ta zuba wa karnuka guba, amma ya ci gaba da yaɗuwa, sai da aka koma allurar rigakafi sannan ya ragu. Dalili shi ne, in an ƙarar da karnukan gari, baƙi ne ke shigowa su maye gurbinsu. Gubar kuma ba ta zaɓe: ungulu na ci, kyanwa na ci, yaro mai rarrafe na iya ɗauka. Masana sun tabbatar yi wa kashi 70 cikin 100 na karnuka allura na katse yaɗuwar ciwon, kuma ta haka Meksiko ta kawar da yaɗuwarsa daga karnuka zuwa mutane, kamar yadda aka tabbatar a 2019. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana haɗa wannan allura.

In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a garzaya asibiti a ranar domin fara allura. Liƙa gashin karen a kan ciwo ko gasa hantarsa ba ya magani. In karen na gida ne, a ɗaure shi kwana 10 ana lura da shi. In ya zama dole a kashe, a kira malamin dabbobi, kada kuma a farfasa kan, domin da ƙwaƙwalwar ake gwaji.

Masu unguwanni da sarakunan farauta su haɗa kai da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, a ware rana guda kowace shekara a yi wa karnuka allura. Ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta keɓe domin yaƙi da wannan ciwo, ta dace da hakan.